Annobar Korona da Katsewar Sana'o'in Tafiye-Tafiye a Yankin Dogon Daji: Nazari a kan Tallafin Gwamnati

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda annobar korona ta shekarar 2020 ta tsayar da sana'o'in da suka dogara ga tafiye-tafiye a yankin Dogon Daji, cikin ƙasar Tambuwal da Kebbe ta kudancin Jihar Sakkwato, da irin tallafin da gwamnati ta fito da shi domin rage raɗaɗin abin. An bi matakan rufe hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, an fayyace tsarin da ake cin abinci da shi a tashar mota da harkar aikin Hajji, sannan aka auna shirye-shiryen tallafi da wannan tsari. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan tallafin an gina shi ne a kan siffar ma'aikacin albashi mai takarda da asusun banki, alhali mai sana'ar hanya a wannan yanki yana samun abincinsa ne kullum-kullum, bisa amana da alkawarin baka. Wannan saɓani, tare da jinkiri da ƙarancin guraben, shi ya sa tallafin ya wuce da yawa daga cikin waɗanda rufe hanya ya fi shafa.

Fitilun Kalmomi: korona, kulle, sufuri, cin rani, Hajji, tallafi, Dogon Daji

1.0 Gabatarwa

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. A wannan rana ce kuma Saudiyya ta dakatar da shigar masu zuwa Umara daga ƙasashen waje. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare, ƙasashe da dama sun rufe iyakokinsu, jiragen sama sun zauna a ƙasa, masaukan baƙi sun zama kufai. Ƙididdigar hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa matafiya tsakanin ƙasa da ƙasa sun ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 a shekarar, yayin da majalisar 'yan kasuwar wannan fanni ta duniya ta ƙiyasta asarar guraben aiki kimanin miliyan 62.

Idan ana maganar waɗannan alƙaluma, abin da ke zuwa a zuciya shi ne matuƙin jirgin sama, ko ma'aikacin otal, ko mai sayar da tikiti a ofis. Amma harkar tafiya a ƙasar Hausa ta fi haka faɗi. Ta haɗa da direba da yaron mota da ɗan kamasho da ɗan kabu-kabu da mai faci da mai shayin bakin tasha, ta kuma haɗa da duk wanda yake jiran lokacin Hajji domin ya yi cinikin shekara. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da rasa aiki yake nufi ga irin waɗannan mutane, da dalilin da ya sa taimakon hukuma ya yi wuyar kai wa gare su. An ɗauki yankin Dogon Daji a matsayin madubi, domin gari ne da titi ya ratsa, kuma rayuwarsa tana rataye da motsin wannan titi.

2.0 Dogon Daji da Hanyar da ta Ratsa ta

Dogon Daji gari ne a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari, ya wuce Tambuwal da Aliero zuwa Jega a Jihar Kabi. Daga Jega titin ya miƙe kudu ta Yawuri da Kwantagora, ya haye Neja a Jabba, ya shiga Ilori da Badun har Legas. Ta arewa kuwa ya zarce Sakkwato zuwa Illela, bakin iyaka da Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar. Ƙaramar Hukumar Kebbe tana kudu da Tambuwal, kuma su biyun mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Gwamnan jihar a lokacin annobar, Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan yanki ne.

Noma shi ne ginshiƙin rayuwa a nan: gero da dawa da wake da damina, albasa da sauran kayan lambu da rani a inda fadama ta samu. Sai dai amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya hau mota. Haka nan matasa masu yawa suna barin gida bayan kaka su nufi birane, su dawo gab da faɗuwar ruwa. Saboda haka titin yana ɗaukar kaya da mutane zuwa kudu, yana dawo da kuɗi da hajja zuwa arewa, kuma a kowane zango akwai mai cin abinci daga wannan kai-komo.

Ya kamata a lura da halin da annobar ta tarar da jihar. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan talauci na shekarar 2019 ya sanya Sakkwato a kan gaba, inda kusan kashi 88 cikin 100 na jama'arta suke ƙasa da ma'aunin talauci. Bugu da ƙari, tun watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, har da ta Illela, wadda ba a buɗe ba sai ranar 16 ga Disambar 2020. Ke nan kafin korona ta iso, an riga an toshe wa titin bakinsa na arewa.

3.0 Tafiya a Matsayin Sana'a

3.1 Gadon fatauci da cin rani

Cin abinci da tafiya tsohon abu ne ga Bahaushe. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro yana da madugu da jagaba da 'yan alaro, kuma a kowane zango akwai fatoma mai saukar da baƙi da dillali mai haɗa ciniki. Mahdi Adamu da Paul Lovejoy sun yi bayanin wannan tsari a ayyukansu na 1978 da 1980, Abner Cohen kuma ya nuna a 1969 yadda maigida a Sabo ta Badun yake riƙe da cinikin shanu da goro bisa amana kawai. Game da cin rani, binciken Mansell Prothero kan Lardin Sakkwato a shekarun 1950 ya tabbatar da cewa fitar maza da rani zuwa kudu da ƙasashen gaɓar teku wani sashe ne na tattalin arzikin lardin. Abin da ya haɗa waɗannan sana'o'i duka shi ne rashin takarda. Shaida da suna da mutunci su ne jarin mutum.

3.2 Tsarin tasha

Mota ta gaji jaki da raƙumi, amma ginin bai sauya sosai ba. Mai mota yakan ba direba amanarta bisa sharaɗin kawo wani adadi a kullum ko a kowane sawu, wanda ake kira balas. Abin da ya saura bayan balas da kuɗin mai da kuɗin ƙungiya da na shingayen hanya, shi ne rabon direba. Daga ciki yake sallamar yaron motarsa. Ɗan kamasho yana kiran fasinja ya haɗa lodi, a ba shi nasa a kan kowace motar da ta tashi. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ke tsara layi da karɓar kuɗin lodi da sasanta rikici. A gefe kuma ga 'yan dako da 'yan kabu-kabu masu kai fasinja ƙauyukan da mota ba ta shiga, ga bakanike da mai faci da ɗan bumburutu, ga mai tuwo da mai shayi da 'yan talla. Mota ɗaya idan ta tashi, gidaje da yawa ne suka ɗora tukunya. Idan ba ta tashi ba, duk waɗannan gidaje ne suka kwana da tunani.

3.3 Harkar Hajji da Umara

Reshe na biyu shi ne na ibada. A shekarar 2019 Saudiyya ta ware wa Nijeriya kujeru 95,000, waɗanda Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, take rabawa tsakanin hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo. Maniyyatan Tambuwal da Kebbe suna biya ta hannun jami'an alhazai na ƙananan hukumominsu, su tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Kewaye da wannan tafiya akwai wakilan kamfanoni masu nemo maniyyata a kan kamasho, da malaman bita, da teloli, da 'yan canji, da direbobin da ke kai alhazai sansani su ɗauko su da kayansu, da 'yan kasuwar da ke sarin hajja a Makka da Jidda. Da yawansu cinikin watanni uku, daga Umarar azumi zuwa dawowar alhazai, shi ke ɗaukar nauyin shekararsu.

4.0 Yadda aka Rufe Hanya

Wani abin lura shi ne, a tsakiyar watan Maris na 2020 aka gudanar da bikin kamun kifi na Argungu, bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta. Wannan shi ne babban taron baƙi na ƙarshe da yankin ya gani kafin ƙofofi su fara rufuwa. Ranar 23 ga Maris aka dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa baki ɗaya. A ƙarshen watan Gwamnatin Sakkwato ta rufe hanyoyin shiga jihar, tun kafin a sami mai ɗauke da cutar a cikinta, abin da bai faru ba sai a watan Afrilu. Ranar 30 ga Maris dokar zaman gida ta fara aiki a Legas da Abuja, a tsakiyar Afrilu kuma ta kama Kano. Daga ranar 4 ga Mayu Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, tare da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ba a ɗage hanin ba sai ranar 1 ga Yuli, shi ma da sharaɗin rage yawan fasinja a mota. Jiragen cikin gida sun dawo a watan Yuli, na ƙasashen waje kuma ranar 5 ga Satumba.

Ga gari irin Dogon Daji, wanda iyakar Jihar Kabi ba ta da nisa da shi, wannan yana nufin an yanke doguwar tafiya a inda ta fi riba. An yarda motocin abinci da magani da mai su wuce, amma motar fasinja mai zuwa Jega ko Birnin Kabi ko Legas ta zama haramtacciya.

Lokacin da abin ya faɗo ma ya ƙara masa nauyi. An ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu, aka yi ƙaramar Salla ranar 24 ga Mayu. Waɗannan makonni su ne kakar direbobi, domin a cikinsu ne jama'a ke komawa gida, kuma a cikinsu ne 'yan cin rani ke juyowa domin sharar gona da shuka. Hanin ya rutsa da su a biranen da su ma an kulle, ba aiki, ba hanyar komawa. Kafofin watsa labarai sun yi ta kawo rahoton matasan da aka kama ɓoye a cikin manyan motocin kaya da na dabbobi. Da bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga: shingayen tsaro suka yawaita, kuɗin wucewa ya ƙaru, kuɗin mota ya ninka ga wanda tafiya ta zame wa dole. Direban da ya bi doka ya zauna ba ko sisi, wanda ya karya ta kuma ya raba ribarsa da masu shinge.

Ta fuskar Hajji, ranar 22 ga Yuni Saudiyya ta sanar cewa mazauna ƙasar kaɗai za su yi aikin bana, su ma 'yan ƙalilan, alhali a 2019 kusan mutum miliyan 2.5 suka tsaya Arfa. A 2021 an taƙaita shi ga mutum 60,000, nan ma mazauna ƙasar. Sai a 2022 alhazan Nijeriya suka koma, da kujeru kimanin 43,000 da sharaɗin kada shekarun maniyyaci su wuce 65. Kujerar da take kimanin Naira miliyan 1.5 a 2019 ta kusa miliyan 2.5 a 2022. Hanyar mota wata uku ta yi a rufe, ta aikin Hajji kuwa shekara biyu cur.

5.0 Ma'anar Rasa Aiki a Harshe da a Zahiri

Hausa ta bambanta aiki da sana'a. Idan aka ce wane ya sami aiki, galibi ana nufin na albashi, mai ofis da ƙarshen wata. Direba da ɗan kamasho kuwa sana'a suke yi, ko a ce suna neman abinci. Kalmar sallama ta fito da wannan bambanci sarai. Ga ma'aikacin kamfani, sallama ita ce kora, ranar baƙin ciki mai zuwa da takarda. A tasha kuwa sallama ita ce abin da ake damƙa wa yaro da yamma bayan an tashi, wato ladan wuninsa. Annobar ta jawo wa na farko sallama, ta hana na biyu ita. Na farko yana da takardar da zai nuna ya ce ga ranar da aikinsa ya tsaya. Na biyu babu wanda ya kore shi, motar tana nan, tashar tana nan, ƙungiyar tana nan, fasinja ne babu. A idon kundin hukuma bai rasa komai ba, domin tun farko ba a rubuta yana da wani abu ba.

Annobar ta kuma faɗaɗa ma'anar wasu kalmomi. Kulle, wanda aka sani a zaman aure, ya koma sunan dokar da ta tsare magidanta a gida, masu fita nema suka ɗanɗani abin da a da yake na mata. Takunkumi, abin ɗaure bakin dabba, ya zama ƙyallen rufe hanci da baki. Tallafi ma yana da tsohuwar ma'ana ta ɗaukar ɗan wani a riƙe shi, ci da sha da sutura, har ya girma. A wannan ma'ana tallafi riƙo ne mai ɗorewa. Abin da hukuma ta kira da wannan suna a 2020, mafi yawansa bayarwa ce ta sau ɗaya.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu na 2020 ya nuna kashi 42 cikin 100 na waɗanda suke aiki kafin annobar sun daina. Rashin aikin yi a ƙasa ya tashi daga kashi 27.1 a zango na biyu na shekarar zuwa kashi 33.3 a zango na huɗu.

6.0 Tallafin da aka Fito da Shi

Nijeriya ba ta da inshorar rashin aiki. Abin da ya fi kusa da ita shi ne tanadin Dokar Fansho ta 2014, wadda ta yarda wanda ya yi wata huɗu ba aiki ya ciri kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa. Wannan ya shafi mai asusun fansho kaɗai. Saboda haka sai da aka ƙirƙiro shirye-shirye na gaggawa.

Na farko shi ne rancen Babban Bankin Nijeriya na Naira biliyan 50, wanda aka sanar a watan Maris, ana bayarwa ta bankin NIRSAL, har zuwa miliyan 3 ga magidanci da miliyan 25 ga ƙaramin kamfani. Ana nema ta intanet, da lambar BVN, kuma bashi ne mai ruwa na kashi 5 cikin 100. Na biyu shi ne kuɗin da Ma'aikatar Jin Ƙai, ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq, ta raba wa gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, Naira 20,000 a dunƙule, wato na wata huɗu. Shugaban ƙasa ya ba da umarnin faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Na uku shi ne kayan abinci na gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID, wanda jinkirin rabonsa ya fito fili a watan Oktoba, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama.

A watan Yuni Majalisar Zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara. A cikinsa akwai asusun ceto ƙananan sana'o'i na biliyan 75, wanda aka fi sani da Survival Fund, aka buɗe shafin nemansa ranar 21 ga Satumba. Wani ɓangarensa yana biyan albashin ma'aikatan ƙananan kamfanoni, Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku, da sharaɗin kamfanin yana da rajistar CAC da jerin ma'aikata masu asusun banki. Wani ɓangaren kuma ya tanadi Naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da masu sufuri su 333,000 a faɗin ƙasa. Harkar jiragen sama ta sami biliyan 5, inda biliyan 4 suka tafi ga kamfanonin jirage, saura aka raba tsakanin masu hidimar filin jirgi da ƙungiyar wakilan tafiye-tafiye da makamantansu. Daga baya, a watan Janairun 2021, aka fara shirin ɗaukar mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma aikin wucin gadi, a kan Naira 20,000 a wata har wata uku. Tambuwal da Kebbe kowace tana da wannan adadi a ƙa'ida.

7.0 Inda Tallafi da Sana'a suka Saɓa

Saɓani na farko na ƙofar shiga ne. Rajistar kamfani da jerin albashi da lambar BVN da wayar da ke shiga intanet, duk kayan ma'aikacin birni ne. Binciken cibiyar EFInA na 2020 ya nuna kusan kashi 68 cikin 100 na manyan mutane a Arewa maso Yamma ba su hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi. Yaron mota ko mai tuwon tasha da ba su da asusu, ko sunansu ya shiga jeri babu inda kuɗin zai faɗa. Wakilin kamfanin jirgin yawo da ke aiki a kan kamasho ba ya cikin jerin albashin kamfanin, don haka tallafin albashi ya tsallake shi. Rancen banki kuma, ban da wahalar nema, yana ɗauke da ruwa, abin da Musulmi da yawa suke ƙyama.

Na biyu na rajista ne. An tsara kundin marasa galihu kafin annoba domin gidajen da suka fi kowa talauci. Direba mai ƙarfi a jika, mai shiga da fita da kuɗi kullum, ba ya cikin waɗanda al'umma za ta nuna a matsayin matalauta a 2019. Talaucinsa sabo ne, kwana ɗaya ya same shi. Rajistar gaggawa da aka yi domin irinsa ba a ƙaddamar da ita ba sai a Janairun 2021, kuma ta fi karkata ga birane.

Na uku na lokaci ne. Yunwar ta kama ne tsakanin Afrilu da Yuni, asusun ceto kuwa ya buɗe a ƙarshen Satumba, kusan wata uku bayan an buɗe hanya. A tsakanin nan farashin mai, wanda aka sauke daga Naira 145 zuwa 125 a watan Maris lokacin da motoci ke ajiye, ya haura zuwa wajen 160 a Satumba lokacin da suka dawo aiki.

Na huɗu na yawa ne. Idan aka raba guraben 333,000 tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace za ta tashi da kimanin 9,000. Idan aka raba na Sakkwato daidai tsakanin ƙananan hukumominta 23, kowace ba za ta kai 400 ba, kuma a cikinsu har da teloli da kafintoci da masu aski. Wanda ya dace ya samu, Naira 30,000 daidai take da mafi ƙarancin albashi na wata ɗaya a shekarar 2020. In an shimfiɗa ta a kan kwana 58 na hanin zirga-zirga tsakanin jihohi, ba ta wuce Naira 520 a rana ba.

Kwatanci da wasu ƙasashe yana ƙara haske. Ingila ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar, har zuwa fam 2,500 a wata, domin kusan kowane ma'aikaci yana cikin kundin haraji. Wannan hanya ba za ta yi aiki a tasha ba. Misalin da ya fi kusa shi ne na Togo, wadda a watan Afrilun 2020 ta fito da shirin Novissi domin masu sana'ar da ba ta da rajista. Mutum yana shiga da ƙaramar waya da katin zaɓe, kuɗi su faɗo masa a wayar, mata sefa 12,250 a wata, maza 10,500. Togo ta yi amfani da takardar da talaka ya riga ya mallaka, kuma ta biya tun ana cikin kulle.

8.0 Abin da ya Riƙe Jama'a

A irin wannan yanki mai sana'ar hanya bai cika rabuwa da gona ba, kuma rufe hanyar ya zo daf da damina, don haka fartanya ita ce mafaka ta farko. Sai rumbun gandu da taimakon dangi, da bashin mai kanti wanda ake biya in an fara fita, da adashi, da sayar da akuya ko tunkiya, wadda sau da yawa ta matar gida ce. Azumi ya zo da ciyarwa da zakkar kono, masu hali kuma sun fitar da zakka. A tasha akwai daɗaɗɗiyar al'adar gudummawa ga ɗan ƙungiyar da ya yi haɗari ko rashin lafiya ko rashi.

Sai dai waɗannan madogarai suna da iyaka. An gina su ne domin ranar da mutum ɗaya ya faɗi sauran suna tsaye. Adashi yana tafiya ne idan kowa yana zubi, asusun ƙungiya yana cika ne idan ana lodi, ɗan cin rani yana aike ne idan yana samu. Annoba ta kayar da kowa lokaci guda, mai bayarwa da mai karɓa. A nan ne hannun hukuma ya zama wajibi, kuma a nan ne ya yi jinkiri. Abin da aka sayar domin a ci, dabba ce ko babur ko kayan ɗaki, jari ne da ba ya dawowa ranar da aka buɗe hanya.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a yankin Dogon Daji rasa aikin tafiye-tafiye ya zo ne ta hanyar tsayawar motsi, ba tare da takardar kora ba, kuma tallafin gwamnati ya nemi shaidar da masu wannan sana'a ba su taɓa mallaka ba. Abin da za a ɗauka daga ciki a fili yake. Tasha tana da nata kundi: shugabannin layi sun san kowace mota da direbanta da yaronta, kamar yadda hukumar alhazai ta san kamfanoni da wakilansu, masu unguwanni kuma suka san wanda ya tafi cin rani. Idan aka tattara wannan sani tun ana zaune lafiya, aka tantance shi a bainar jama'a domin kauce wa son kai, aka haɗa shi da hanyar biya ta waya da rance marar ruwa, za a iya kai taimako cikin kwanaki maimakon watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aiki a gaba. Kalmomin tasha, da tsarin balas da kamasho da sallama, da labaran waɗanda kulle ya rutsa da su a hanya, da waƙoƙi da barkwancin da aka yi a kan korona, duk suna bakin mutanen da suke raye a yau. Tattara su zai amfani ilimin harshe da al'ada, zai kuma ba masu tsara manufofi hoton ma'aikacin da ya kamata su yi wa tanadi.